Daga Yamai zuwa Jidda: kilomita nawa ne, awa nawa ake yi a sama?

Duk shekara in aikin hajji ya matso, ko lokacin da ƴan ci-rani ke shirin zuwa gida ganin iyaye, tambaya guda ce ke yawo a bakin mutane: wai nisan nan nawa ne, kuma awa nawa jirgi ke yi? Wani ya ce awa 3, wani ya ce awa 7, wani ya ce kwana guda cur ɗansa ya yi a hanya. Abin mamakin shi ne, duk cikinsu ana iya samun mai gaskiya. Yau za mu warware wannan ƙulli daki-daki, domin rashin sanin lissafin nan ya sha sa iyali kwana a filin jirgi suna jiran baƙon da bai ma taso ba, ya kuma sha hana uwa barci don salular ɗanta a kashe.

Ma'aunin da muka sani

Bari mu fara da filin jirginmu. Filin jirgin sama na Yamai yana ɗauke da sunan Diori Hamani, shugaban ƙasar Nijar na farko, wanda ya yi mulki daga 1960 zuwa 1974. Yana gefen gari ne, kan hanyar Doso, kuma an sabunta gininsa a 2019, gab da taron shugabannin Tarayyar Afirka da aka yi a Yamai cikin watan Yuli na wannan shekara. A jikin tikiti da takardar da ake liƙa wa kaya za ku ga an rubuta NIM, to Yamai ke nan. Jidda kuwa JED ake rubutawa, Madina MED.

Daga wannan fili zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, in aka ja layi miƙe ba kwana, kimanin kilomita 4,000 ne. Zuwa Madina ya ɗan ɗara, wajen kilomita 4,100.

Lamba a takarda ba ta shiga kai sai an gwada ta da abin da aka sani. Daga Yamai zuwa Maraɗi a mota kimanin kilomita 660 ne. To, Jidda kamar ka yi wannan tafiya sau 6 ke nan a jere. Mutumin Damagaram kuwa, da ya san wahalar kilomita wajen 900 tsakaninsa da Yamai, sai ya lissafa ta sau 4 da rabi. In kuma duniyar baki ɗaya za a auna, ɗamararta kimanin kilomita 40,000 ce. Alhajin da ya tashi daga Yamai ya sauka Jidda ya ci kashi 1 cikin 10 na zagayen duniya.

Ga wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Birnin Paris na Faransa ma kusan kilomita 4,000 ne daga Yamai, saura kaɗan. Istanbul ta Turkiyya, kusan 4,000. Adis Ababa ta Habasha, ita ma kusan 4,000. Kamar ka kafa turke a Yamai ka ɗaura igiya, ka zagaya da ita daga arewa zuwa gabas: bakin igiyar zai shafi garuruwan nan huɗu. Ku riƙe wannan lissafi, zai yi mana amfani a gaba.

Yadda ake auna nisan

Duniya dunƙulalliya ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiya. Shi ya sa in kun ga hoton hanyar jirgi a allon da ke gaban kujera, layin yakan fito a lanƙwashe kamar baka. Ku ɗauki duma ko ƙwarya ku kife, ku ɗiga alama biyu a bayanta, ku ja zare tsakaninsu har ya yi tsam. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi kusa. Da za a fasa ƙwaryar a shimfiɗe ta, da layin ya fito a karkace, alhali shi ne miƙaƙƙe. Da irin wannan zare masana ke auna nisan filayen jirgi.

Mu musulmi mun daɗe da sanin wannan layi ko da ba mu ba shi suna ba. Alƙiblar Yamai gabas ce da ta ɗan karkata arewa. Wannan fuska da muke kallo in za mu yi salla, ita ce farkon gajeriyar hanya zuwa Makka, kuma kusan ita ce hanyar Jidda, tunda garuruwan biyu maƙwabta ne. Da jirgi zai bi zaren nan sak, zai ratsa ta kusa da Tawa, ya wuce ta wajen Tanut, ya shiga sahara, ya ƙetare arewacin Cadi ta wajen Faya, ya bi arewacin Sudan, ya tsallake kogin Nilu, sannan ya haye Bahar Maliya ya sauka.

Sai kuma a kula da ma'auni, don ba kowa ke lissafi da kilomita ba. Ƴan uwanmu na Amurka da mil suka saba, mil guda kuwa mita 1,609 ne. Matuƙan jirgi su kuma da mil na teku suke aiki, mai mita 1,852. Nisan nan guda na kilomita 4,000, a bakin ɗan Amurka mil 2,500 ne, a bakin matuƙi wajen 2,160. In kun ji lambobi sun sha bamban, ku fara tambaya da wane mudu aka auna.

Awa nawa ake yi

Babban jirgin fasinja, in ya gama hawa ya daidaita a sama, tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa. Raba 4,000 da wannan gudu, za ka samu awa 4 da rabi ko sama kaɗan. Ƙara lokacin hawa da na sauka, da jiran izini daga masu kula da zirga-zirga, sai tafiyar ta kai awa 5 zuwa 5 da rabi. Wannan shi ne lissafin jirgin da ya tashi Yamai bai tsaya ko'ina ba, kuma hanya a buɗe take.

Iska ma tana da hannu a ciki. Can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kwarara kamar kogi. Jirgin da ta tura daga baya yana saurin isa, wanda ya tunkare ta yana jinkiri, kamar mai kwalekwale a kogin Isa: gangara daban, hawa daban. A kan tekun Atlantika iskar daga yamma take zuwa gabas, shi ya sa mai tasowa daga Amurka ya fi mai zuwa can saurin isa. A sararinmu na Sahel kuwa, da damina iskar can sama daga gabas take busowa. Don haka kada ku yi mamaki in zuwa da dawowa ba su zo daidai ba.

Agogo biyu

Nan ne aka fi ruɗewa. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijar da awa 2, rani da damina. Kuma a ƙa'ida, lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da abin ya faru ne: na tashi da agogon garin tashi, na sauka da agogon garin sauka.

Ga misali. Jirgi ya bar Yamai ƙarfe 10 na dare, ya yi awa 5 da rabi. A agogonmu ƙarfe 3 da rabi na dare ya sauka, amma a Jidda 5 da rabi na asuba ta yi. Wanda ya dubi tikiti kawai, 10 zuwa 5 da rabi, sai ya ce awa 7 da rabi aka yi. Ran dawowa, jirgi ya bar Jidda ƙarfe 10 na dare da agogon can, ya yi awannin nan 5 da rabi, ya sauka Yamai ƙarfe 1 da rabi na dare da agogonmu. Mai duban tikiti sai ya ce awa 3 da rabi kacal. Kun ga inda mai cewa 3 da mai cewa 7 suka samo nasu. Tafiyar guda ce, agogon ne biyu.

Ga sauran wuraren da ƴan uwanmu suke. Najeriya da Benin agogonmu ɗaya. Abijan, Akra da Lome suna bayanmu da awa 1. Istanbul da Adis Ababa suna gabanmu da awa 2, kamar Makka. Dubai tana gaba da awa 3, ƙasar Sin da awa 7. Faransa kuwa tana canja agogo: daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris daidai take da mu, sauran watanni tana gabanmu da awa 1. Niyu Yok tana bayanmu da awa 6 lokacin sanyinsu, awa 5 lokacin zafinsu. Baba, in ka kira ɗanka na Buronkis bayan ka idar da sallar asuba bai ɗauka ba, kar ka ce ya canja hali. Can tsakar dare ne, barci yake.

Sama ma tana da iyaka

Zaren da muka ja a bayan ƙwarya bai san siyasa ba, amma jirgi dole ya sani. Kowace ƙasa ita ke da ikon sararin samanta, sai da izininta ake ratsawa, kuma ana biyan kuɗin ratsawar. A yankinmu hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959, ita ke kula da zirga-zirgar jirage a sama, kuma makarantarta ta horar da masu wannan aiki da masu duba yanayi, EAMAC, a nan Yamai take.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samanta. Sudan kuwa ita ce a tsakiyar hanyar alhazan Afirka ta Yamma. Dole jirage suka koma kewayewa, ko ta arewa ko ta kudu, tafiya ta ƙaru, man da ake ƙonawa ya ƙaru, kuɗin jigila ma ya taɓu. Mu ma a nan gida, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rufe sararin Nijar daga 6 ga Agusta har farkon Satumba, abin da ya sa jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka yin dogon zagaye. Tun a watan Agustan nan kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Yamai, daga baya kuma hukumomin ƙasa suka hana jiragen Faransa ratsa sararinmu. Paris tana nan inda take, kilomita 4,000 ɗin ba su ƙaru ba, amma matafiyi sai ya bi ta wani gari.

Saboda haka in an ce muku jirgin alhazai ya yi awa 6 ko 7 na gaske a sama, ba ɓata ya yi ba. Hanyar lafiya, in ji Hausawa, a bi ta da shekara.

Tafiya mai zango

Jiragen da ake ɗauka haya don aikin hajji, ƙarƙashin tsarin hukumar COHO, su ne ke miƙewa daga Nijar zuwa Saudiyya. Mai zuwa umra shi kaɗai, ko ɗan kasuwa, ko ɗan ci-rani, galibi sai ya canja jirgi a wani gari. Nan ne igiyar da muka ɗaura a turke za ta yi aiki.

Mai zuwa Jidda ta Adis Ababa da jirgin Ethiopian zai yi kilomita 4,000 zuwa Habasha, ya ƙara wajen 1,400 zuwa Jidda, jimla 5,400. Mai bi ta Istanbul da jirgin Turkish zai yi 4,000, ya ƙara wajen 2,400, jimla 6,400. Wato kafin ya isa zangonsa na farko ya riga ya ci nisan da zai kai shi Jidda da a miƙe ya tafi.

Ƴan uwa na Amurka, tsakanin Niyu Yok da Yamai a miƙe kimanin kilomita 7,900 ne, amma babu jirgin da ke yin ta kai tsaye. Ta Kazablanka da jirgin Royal Air Maroc, 5,800 ne a kan teku, sai 2,400 daga Maroko zuwa gida, jimla wajen 8,200: kusan kan hanya take. Ta Istanbul kuwa sai mutum ya wuce gabas da nisa sannan ya juyo, kilomita 8,000 da 4,000, jimla wajen 12,000. Mai tasowa daga Girinsboro sai ya ƙara da tafiyar da zai yi cikin Amurka kafin ya kama babban jirgi. Daga Paris ta Kazablanka wajen 4,300 ne, ta Istanbul wajen 6,200. Ƴan kasuwarmu masu sarin kaya a Gwangzu ta ƙasar Sin, nisansu a miƙe wajen 11,500 ne, ta Adis Ababa wajen 12,000.

Kilomita ba ita kaɗai ke cin lokaci ba. Zaman jiran jirgi na biyu yana iya zama awa 2, yana iya zama awa 10 ko fiye. Wasu jiragen kuma suna haɗa Yamai da wani babban birni na maƙwabta, su sauka can su sauke fasinja kafin su ƙaraso. Wanda ya ce ɗansa kwana guda ya yi a hanya, a nan gaskiyarsa take.

Me ya sa kuɗi ba ya bin nisa

Mutane na tambaya: in Jidda da Istanbul nisansu ɗaya, don me kuɗin kujera ya bambanta? Kuma don me wani lokaci doguwar hanya ta fi gajeriya araha? Mai yana cikin manyan abubuwan da ke cin kuɗin kamfani, gaskiya ne, amma akwai harajin filin jirgi, da kuɗin ratsa sararin ƙasashe, da yawan masu neman kujera a wannan lokaci, da yawan kamfanonin da ke takara a kan hanyar. Jirgin alhazai kuma yana da nasa lissafi: lokacin tafiya ya kai mutane ya dawo kusan wayam, lokacin dawowa ya je wayam ya kwaso su. Kuɗin hajji kuwa ba na kujera kaɗai ba ne, ya haɗa da masauki da motoci da hidimomin can.

To, ɗan uwa mai saya wa tsohuwa tikiti daga waje, kar ka dubi farashi kaɗai. Araha ba ta ado. Dubi jimlar awannin tafiya, dubi tsawon zaman jira, ka tambayi kanka ko Inna za ta iya neman ƙofar jirgi na biyu ita kaɗai a filin da ba mai jin Hausa ko Zabarmanci. Kamfanonin jirage suna ba tsofaffi da marasa lafiya mai rakiya da keken turawa, amma sai an nema tun lokacin sayen tikiti. Ka kuma tambaya ko garin da za a ya da zango yana buƙatar biza ta wucewa.

Abin da ya kamata a shirya

Awa 5 ko 6 a zaune wuri guda ba wasa ba ne ga dattijo. A sha ruwa, a riƙa motsa ƙafa, a tashi a ɗan taka in ma'aikatan jirgi sun ba da dama, don dogon zama yana kumbura ƙafa, yana iya sa jini ya daskare a jijiya. Mai hawan jini ko ciwon suga ya riƙe maganinsa a jakar hannu, kar ya sa shi cikin kayan da za a auna.

Maniyyaci ya san tun daga gida ina jirginsa zai sauka. In Madina ce, tsakaninta da Makka akwai kimanin kilomita 450, kuma a Zul-Hulaifa, bayan an fito Madina, ake ɗaura harami. In Jidda ce kuma Makka za a wuce kai tsaye, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, kuma maganar miƙati tana tasowa tun ana sama. Wannan a tambayi malaman da ke rakiyar ayari tun kafin a shiga jirgi, matambayi ba ya ɓata.

Ku kuma na gida, in jirgi ya tashi ba a samun matafiyi a waya. Bayan sauka akwai layin duba fasfo, da jiran kaya, da neman layin waya na can, abin da kan ɗauki awanni lokacin cunkoson alhazai. Shirun rabin yini ba alamar mugun labari ba ce, kada a biye wa jita-jitar WhatsApp. Ran tarbo kuma, kafin a cika mota daga ƙauye a kama hanyar Yamai, a tabbatar da abu uku: ranar sauka, lokacin sauka da agogon Nijar, da kuma cewa jirgin ya riga ya taso. In an rubuta ƙarfe 1 na dare ranar Talata, daren Litinin wayewar Talata ake nufi. Da yawa sun makara da kwana guda a kan wannan.

Hanyar kakanni

Kilomitan nan 4,000 da muke ƙetarewa tsakanin isha'i da asuba, kakanninmu da ƙafa da jaki da raƙumi suka taka su, kuma tasu hanyar ta fi haka tsawo. Daga ƙasar Hausa su bi ta Barno, su ƙetara Cadi ta Abeshe, su shiga Darfur ta Janaina da Fashir, su wuce Ubayyid, su kai bakin Bahar Maliya a Sawakin, su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ana tafe ana tsayawa a yi noma ko ƙodago a tara guzuri, har tafiya ta ɗauki shekaru. Shi ya sa mai niyya a wancan zamani yakan yi sallama da dangi sallamar da ba tabbas. Da yawa ba su dawo ba, suka zauna Sudan, zuriyarsu na can har yau suna jin Hausa. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, ƙarƙashin ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Kuma jikokin waɗannan matafiya suna cikin waɗanda yaƙin Sudan na yau ya rutsa da su, yaƙin nan da ya sa jiragenmu kewayewa.

A taƙaice, ku riƙe lambobin nan: Yamai zuwa Jidda kilomita 4,000, awa 5 zuwa 5 da rabi in hanya a buɗe take, fiye da haka in an kewaya, agogon can kuma yana gaban namu da awa 2. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, ya kuma tura wa ɗan uwa na waje. Masu shirin tafiya, Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya. Na gida kuma, Allah ya ba da haƙurin jira.